Stratos Zero ko Modulo: wacce mai koyon ƙirar mota zai kwaikwaya?

Ɗan yayata yana koyon aikin bodi a wani gareji, da yamma kuma yana zuwa makarantar koyon sana'a. A ƙarshen shekara ana so kowane ɗalibi ya ƙera wani abu da hannunsa ya kawo. Ran nan ya shigo da waya a hannu, ya miƙo mini hotuna biyu ya ce, "Kawu, ɗaya daga cikin waɗannan nake so in yi, amma na rasa wacce zan ɗauka." Da na duba sai na ga yaron ya kinkimo manya: Lancia Stratos Zero da Ferrari 512 S Modulo. Dukansu 'yan Italiya ne, dukansu an fito da su a 1970, kuma kowacce guda ɗaya tak aka ƙera a duniya. Na daɗe ina ƙaunar motocin nan biyu, tun lokacin da sai a tsohuwar mujalla mutum zai ga hotonsu, don haka na ce ya ba ni mako guda in yi tunani. Abin da na gaya masa shi ne zan faɗa a nan, domin na san samari masu irin wannan buri suna da yawa. Wani da kara da gwangwanin madara ya fara, wani da kwali, wani kuma har ya kai ga riƙe kan walda.

Kafin ya zo wurina ya riga ya zaga da hotunan a garejinsu, kuma kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Maigidansa ya kalli Zero ya ce wannan ai dutsen guga ne aka sa wa taya. Mai fentinsu ya kalli Modulo ya ce faranti biyu ne aka kifa ɗaya a kan ɗaya. Yaran gareji kuwa Modulo ta tafi da su gaba ɗaya, suna cewa jirgin 'yan sama jannati ne. Wani ya rantse cewa kwamfuta ce ta haɗa hoton, babu irin wannan mota a doron ƙasa, kuma da aka ce masa ta haura shekara hamsin sai ya ce a daina yi masa wasa da hankali. Amma wani dattijo, tsohon direban tasha, shi ne ya yi tambayar da ta fi kowacce amfani. Ya juya wayar, ya sake juyawa, sannan ya ce, "To, ta ina ake shiga?" Duk wanda zai zaɓi ɗaya daga cikin motocin nan domin ya ƙera, daga wannan tambaya ya kamata ya fara.

Motoci ne na nuni. Ba don a sayar aka yi su ba. A birnin Turin na Italiya akwai gidajen da aikinsu shi ne ɗinka wa mota riga: kamfani ya kawo inji da ƙashin mota, su kuma su zana jiki su buga shi. Manyan cikinsu a wancan zamani su ne Bertone da Pininfarina, kuma kishi tsakaninsu ya kai na kishiyoyi. Sunan Pininfarina ba baƙo ba ne gare mu ko da ba mu sani ba, domin gidan ne ya zana Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna. Duk shekara idan baje kolin motoci ya zo, kowane gida yakan kawo wata mota da za ta tsayar da mutane cak, domin manyan kamfanoni su gani su ba shi aiki. Talla ce, amma da ƙarfe da gilashi ake yin ta. Zamanin kuma zamanin kallon sama ne: a 1969 mutum ya taka wata, a shekarar ce kuma jirgin Concorde ya fara tashi. Masu zane suka shiga gasar wa zai fi kwantar da mota ƙasa. Bertone ya fito da Alfa Romeo Carabo a 1968, tsayinta daga ƙasa santimita 99. Pininfarina ya amsa da Modulo a baje kolin motoci na birnin Janiba a watan Maris na 1970, santimita 93.5. Kafin shekarar ta ƙare Bertone ya kai Zero baje kolin Turin, santimita 84. Motar gida irin 504 tana kusan mita ɗaya da rabi, ka ga ke nan Zero da ƙyar ta wuce rabinta. Babban mutum idan ya tsaya kusa da ita, ko ƙugunsa ba ta kai ba.

Modulo aikin Paolo Martin ne, wanda a lokacin bai kai shekara talatin ba. Kamar yadda shi kansa ya sha bayarwa, a lokacin hutun watan Agusta, sa'ad da ma'aikata suka watse, ya zauna ya sassaƙa siffarta da girmanta na gaske daga farin soson nan da ake kare kayan lantarki da shi. Da shugabannin gidan Pininfarina suka dawo suka gani, abin bai kwanta musu ba, aka lulluɓe ta aka tura lungu. Sai daga baya aka waiwaye ta. Ƙashin da aka ɗora ta a kai na motar tsere ne, 512 S. Dokar gasar tseren da aka yi ta dominta ta tilasta wa Ferrari ya ƙera guda 25, bai sami masu sayen duka ba, shi ne aka ba Pininfarina ɗaya daga cikin ragowar. Injin irin wannan mota silinda 12 ne, lita 5, ƙarfin doki kusan 550. Tsawon Modulo mita 4.48, faɗinta mita 2.04. A Janiba baƙa ce, daga baya aka mayar da ita fara, aka kai ta babban baje kolin duniya na Osaka a Japan a wannan shekarar, kuma ta tara lambobin yabo 22 na ƙira.

Mai fentin nan bai yi kuskure ba. Asirin Modulo shi ne rabin sama da rabin ƙasa kamar madubin juna suke, ga kuma siririyar ɗamara ja da ta zagaye tsakiya. Siffar tagar gefe ma an maimaita ta a ƙasa da baƙin launi, sai ka ga kamar inuwar taga a cikin ruwa. Ɗamarar ta ratsa ta kan tayoyi ta rufe tsakiyarsu, ba ka ganin komai sai ɗan leƙe. A bayanta akwai murfin inji baƙi mai huda 24. Amsar tambayar dattijo kuwa ita ce: babu ƙofa. Rufin da gilashin gaba da tagogin gefe duk abu guda ne, ana zuge shi gaba a kan dogo, sannan mutum ya ƙetara ya zauna. A ciki, maɓallan sarrafawa suna jikin wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙwallo a gefen kujeru. Idan kyau zalla ake magana, ban taɓa ganin motar da ta kai ta tsabtar tunani ba. Babu layi ko ɗaya da za ka cire ba tare da ta lalace ba.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Modulo ta shekara 48 ba ta taɓa tafiya da ƙafarta ba. Injin da ke cikinta ba shi da cikakkun kayan ciki, turawa ake yi a kai ta dandali a dawo da ita. Tayoyin gaba kuma, saboda an kulle su cikin jiki, da ƙyar suke karkata. Sai da wani Ba'amurke mai tara motoci, James Glickenhaus, ya saye ta daga Pininfarina a 2014, aka shafe shekaru ana aiki a kanta, aka haɗa inji, aka yi dabara a ƙafafun gaba domin sitiyari ya sami wurin juyawa, sannan ta hau titi a 2018. A shekara ta gaba, a Monako, wuta ta kama bayanta daga wajen salansa. Na'urar kashe gobara da aka saka mata ce ta cece ta, aka gyara ta koma kan ƙafarta. Ban kawo wannan don in rage mata daraja ba. Na kawo shi ne domin mai shirin kwaikwayonta ya san cewa mutanen da ke da kuɗi da ƙwararru da kayan aiki na gaske ma sun sha wuya kafin siffar nan ta yarda ta zama mota.

Zero kuwa aikin Marcello Gandini ne, mutumin da ya zana Lamborghini Miura da Countach, wanda ya rasu a 2024. Nuccio Bertone, mai gidan, yana kwaɗayin samun aiki daga Lancia, alhali Lancia ta saba kai aikinta wurin Pininfarina. Maimakon ya je roƙo, sai ya nemi kayan wata Lancia Fulvia ba tare da ya sanar da kamfanin ba, ya ce Gandini ya gina wani abu a kansu. Injin ƙarami ne, silinda 4, lita 1.6, ƙarfin doki 115, aka ɗauke shi daga gaba aka dasa bayan direba. Tsawon motar duka mita 3.58. Daga hanci zuwa rufi layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kamar bakin gatari, sannan ya gangara baya a yanke shi ƙit. Launinta na jan ƙarfe ne mai sheƙi. An taɓa mayar da ita ruwan azurfa, daga baya aka dawo mata da launinta na asali. Murfin injinta mai kusurwa uku ne, da tsaga-tsaga don iska, kuma ta gefe yake buɗewa. Fitilun gaba ƙananan ƙwayaye 10 ne a jere cikin siririn layi a bakin hanci, na baya kuma ƙwayaye 84 ne da suka zagaye gindin motar, su ne kuma ke yin sigina.

A nan amsar dattijo ta fi ban mamaki. Ta gilashin gaba ake shiga. Tambarin Lancia da ke kan hanci shi ne mariƙi: ka murɗa shi, gilashin ya ɗaga sama, sitiyari ya kauce gaba, ka taka wata baƙar roba da aka shimfiɗa a hancin don kada ka zame, ka juya ka zauna, ko in ce ka kwanta, domin direban Zero a kishingiɗe yake, ƙafafunsa tsakanin tayoyin gaba, sararin sama a kan fuskarsa. Sai ka janyo sitiyarin, ka rufe gilashin a kanka. Agogunan mota suna gefen hagu a jikin wani koren allo. Ganin baya kusan babu, ganin gefe ta wasu ƙananan tagogi ne.

Duk da wannan wauta mai daɗi, Zero tana tafiya tun farko. Labarin da ya shahara a kanta shi ne Nuccio Bertone da kansa ya tuƙa ta cikin titunan Turin zuwa hedkwatar Lancia, kuma saboda gajartarta ta ƙarƙashin sandar ƙofa ta shige, ma'aikata suka fito suna kallo. Ziyarar nan ce ta haifi aikin da yake nema. Lancia ta ba Bertone kwangilar wata motar tsere, Stratos HF, wadda Gandini ya zana daga farko, aka sa mata injin Ferrari Dino mai silinda 6. Ba ta ɗauki komai daga Zero ba sai suna da tsarin inji a tsakiya da ɗan kamannin gatari, amma ita ce ta ci gasar tseren daji ta duniya sau uku a jere, 1974 da 1975 da 1976, kuma direba Sandro Munari ya yi suna a cikinta. Ita Zero ta zauna a ɗakin ajiyar Bertone har zuwa 2011, lokacin da gidan ya shiga matsin kuɗi aka yi gwanjonta a kan Yuro 761,600. A 2024, a babban taron tsofaffin motoci na Pebble Beach a Amurka, ta shiga sahun ƙarshe na motocin da ake zaɓen gwarzuwar taro daga cikinsu, tana tsaye tare da motocin da suka girme ta da shekaru masu yawa.

Wannan tarihi ke nan. Yanzu ga yaro, ga falle na ƙarfe, ga almakashi da guduma da kan walda, ga wata uku a gabansa. Nan ne maganar take.

Abu na farko shi ne lanƙwasa. Duk wanda ya taɓa aikin bodi ya san ƙarfe yana yarda ya lanƙwasu ta fuska ɗaya cikin sauƙi, kamar yadda ake naɗe takarda. Amma ka ce zai lanƙwasu ta fuska biyu lokaci guda, kamar bayan ƙwarya, sai ka buga shi ka miƙar da shi ka tsuke shi, kuma nan ne ake gane maigida da yaro. Zero yawancin jikinta shimfiɗaɗɗun fuskoki ne da ke haɗuwa a kan kaifi. Kana iya yanka su a kwali, ka gwada, ka gyara, sannan ka ɗora kwalin a kan ƙarfe ka zana ka yanka. Modulo kuwa kumburi ne a hankali ta ko'ina, sama da ƙasa, hagu da dama, kuma dole rabin sama ya dace da rabin ƙasa a kan ɗamarar nan. Idan ka kauce da faɗin yatsa, jan layin zai tona maka asiri daga nesa. Kada kuma a ɗauka shimfiɗaɗɗen ƙarfe ba ya da nasa sharrin. Falle mai faɗi idan zafin walda ya taɓa shi sai ya yi tudu da kwari, kuma fenti mai sheƙi irin na Zero ba ya rufa wa kowa asiri. Maganinsa shi ne a riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana barin wuri ya huce, a ba fallen ɗan doro wanda ido ba ya gani, a sa masa haƙarƙari ta ciki. Gefen Zero ma yana da wani lotsawa da ya ratsa daga taga zuwa mashigar iska, kuma shi ne wurin da zai fi cin lokaci. Duk da haka wahalar Zero irin wadda mai koyo zai iya ci da haƙuri ce. Wahalar Modulo tana neman hannun da ya shekara goma yana bugu, in ba haka ba sai a koma lafta fila har motar ta yi nauyin dutse, rana ta doke ta ta tsattsage.

Sai gilashi, wanda shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan ayyuka. Gilashin gaban Zero kusan shimfiɗaɗɗe ne, mai kusurwa huɗu, ƙasa ya fi sama faɗi. Mai yankan gilashi zai iya fitar maka da makamancinsa, a ƙaramin samfuri kuwa farar roba mai kauri ta wadatar. Rufin Modulo gilashi ne mai lanƙwasa haɗe da ƙarfe, kuma gaba ɗayansa zai zuge a kan dogo biyu da dole su zama daidai wa daida. Ko a ƙaramin samfuri sai ka sassaƙa katako, ka gasa roba a kansa, ka yi ta ɓatawa kafin ɗaya ta fito ba gurɓi. Ƙofar Zero hinji biyu ne a sama da abin tokarewa. Wannan yaron gareji ya san shi, domin haka murfin but na motoci da yawa yake.

Tayoyi kuma sun riga sun yanke hukunci tun 1970. Na Zero a buɗe suke, suna juyawa yadda suke so. Na Modulo, idan ka rufe su yadda Martin ya zana, ba za su karkata ba. Idan ka buɗe su don su karkata, ka kashe abin da ya sa ta zama Modulo. Hanyar tsakiya ita ce a matso da tayoyin ciki a bar musu fili, amma idan aka wuce gona da iri sai motar ta koma kamar kunkuru mai ƙananan ƙafafu.

Ga wanda burinsa ya wuce samfurin tebur, yana son mota mai girman gaske da zai shiga ya tayar, akwai wani lissafi da ke jan mutane zuwa Modulo, kuma gara in faɗe shi da kaina. Tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda masu irin wannan aiki a ƙasashe da yawa suka saba cire wa jiki su ɗora wani, tazarar tayoyinta na gaba da na baya mita 2.4 ce, kusan daidai da ta Modulo. Ta Zero kimanin mita 2.2 ce, sai an yanke ƙashin an rage. Amma faɗin Modulo ya haura mita 2, Beetle kuwa siririya ce, sannan injinta a bayan tayoyin baya yake rataye, da gidan fanka a tsaye a kansa, wanda zai so ya huda wannan kwantaccen baya. A ɓangaren Zero, ƙaramin inji mai silinda 4 ba cin amanar asali ba ne, domin ita ma da irinsa aka haife ta. Wanda ya sa ƙaramin inji a cikin Modulo kuwa, huda 24 ɗin nan za su leƙa su ga babu abin da aka yi su dominsa.

Akwai kuma abin da motocin biyu suka yi tarayya a kai, wanda ba na so kowa ya ɗauka da wasa. Dukansu mafita ɗaya gare su. Idan Zero ta kife, ko ta daki wani abu da hanci, ƙofar ita ce wurin da ya fara mutuwa. Idan dogon Modulo ya lanƙwashe, rufin ba zai zuge ba. Gobarar Monako ta faru ne ga motar da ƙwararru suka haɗa, mai na'urar kashe wuta a jiki. Ka ƙara da zafin ranarmu a ƙarƙashin gilashin da ya kwanta a kan fuskar mutum, babu tagar kirki da za a sauke, ka ƙara da tudun rage gudu da ramuka, ka ƙara da direban tirela da ba zai ma san akwai abu mai tsayin santimita 84 a gefensa ba. Wanda ya ƙera mai girman gaske, ya ajiye ta don fili da taro da makaranta, ya yi mata ƙofar gaggawa ko da za ta ɗan ɓata siffa, ya raba tankin mai da salansa, kuma kada ya hau babban titi da ita. Na faɗa wa ɗan yayata wannan sau biyu, na kuma faɗa wa mahaifiyarsa.

Saboda haka na ba shi shawarar ya tsaya a kashi ɗaya cikin biyar na girman asali. A wannan ma'auni Zero za ta zo kusan santimita 72 a tsawo, 17 a tsayi. Modulo za ta zo kusan 90 a tsawo, 41 a faɗi, 19 a tsayi. Girman ya isa a yi ƙofa mai buɗewa, sitiyari mai kaucewa, da fitilu masu kamawa da batir, kuma mutum ɗaya zai iya ɗauka ya hau babur da ita.

Akwai wanda zan ce masa ya ɗauki Modulo ba tare da na yi jinkiri ba. Idan kai mai zane ne, fensir da takarda ko kwamfuta, Modulo za ta koya maka abin da Zero ba za ta koya maka ba: yadda ake daidaita sama da ƙasa, yadda layi ɗaya ke riƙe siffa gaba ɗaya, yadda baƙi da fari ke yaudarar ido. Haka idan kai masassaƙi ne, ko kana aiki da yumɓu ko faiba, inda kumburi ba abin tsoro ba ne, kuma ba ka damu taya ta juya ba. Ka tuna shi kansa Martin da sassaƙa ya fara ta, kuma siffar har yau tana ɗauke da halin abin da aka sassaƙa. Idan kuma abin da kake so shi ne jama'a su taru su riƙe baki, na lura a garejin nan Modulo ta fi jan yara da waɗanda ba ruwansu da mota. Zero ta fi jan masu sana'a. Su ne suka yi ta matso da hoton suna tambayar ina lagireto yake, ta ina iska ke shiga, yaya ake cire taya.

Amma ɗan yayata mai ƙarfe ne, kuma makarantarsu ƙarfe take so ta gani. Na ce masa, "Ɗauki Zero." Ya ce, "Kawu, ai Modulo ta fi kyau." Na ce na yarda, kuma har yanzu na yarda. Dalilina shi ne Gandini ya amsa duk tambayoyin da mota ke yi, ko da amsar ta zo a karkace: ga inda mutum zai zauna, ga inda zai taka, ga yadda sitiyari zai ba shi hanya, ga inda inji zai sha iska, ga inda tayar safaya za ta kwanta a bayan kujeru. Mai kwaikwayonta dole ya bi ta kan kowace tambaya ya warware ta da hannunsa, kuma abin da zai rage masa ke nan bayan an gama ba da maki. Martin ya bar wasu tambayoyin a buɗe da gangan don kada su taɓa masa siffa, suka jira har 2018 kafin wasu su amsa. Yaro mai wata uku ba shi da wannan lokaci.

Ya tafi ba da cikakkiyar gamsuwa ba, amma ya fara. Satin farko kwali ya yi ta yankawa, ya ɓata uku kafin hancin ya fito da kaifin da yake so, domin kullum sai ya ga ya ɗaga shi fiye da kima, ido ya saba da motar da ke da fuska. Na ce ya riƙa auna tsayin da ma'auni, ya daina yarda da idonsa. A sati na biyu maigidan nasa, wanda ya kira ta dutsen guga, ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye shi da me zai tokare gilashin idan ya ɗaga. Yaron ya ce, "Oga, ban kai nan ba tukuna." Washegari maigidan ya zo masa da wasu ƙananan sifirin guda biyu da ya ciro daga tarkacen bayan gareji, ya ce ya gwada su, in sun yi ƙarfi a rage musu zagaye ɗaya.